Wa Ke Kiwon Fanshon Waɗanda Suka Tafi?



Da wuya mutum ya ratsa wata unguwa a cikin birnin Zazzau, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ba a nuna masa gidan da ke da ɗa ko 'ya a ƙasar waje ba. Wannan likita ne da ya bar Shika ya koma Saudiyya, waccan ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, wancan malami ne da ya ajiye alli a Samaru ko Kongo ya karɓi aiki a Katar. Tafiya ba baƙuwa ba ce a garin nan. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun bi ta Sudan zuwa aikin Hajji a ƙasa, wasu sai bayan shekaru bakwai ake sake ganinsu. Amma matafiyin wancan zamani ba ya ɗaura laya sai ya san a hannun wa ya bar gonarsa, kuma wane Bafillace ya bai wa kiwon shanunsa. Matafiyin yau ma yana yin hakan: ya damƙa gida ga ƙanensa, ya sayar da mota, ya bar wa mahaifiyarsa katin banki. Abu guda ne ake yawan mantawa da shi a baya ba tare da mai lura ba, wato asusun ajiyar fansho, alhali ga wanda ya yi shekara goma ko sha biyar yana aiki, mai yiwuwa ne ita ce dukiya mafi girma da ya mallaka bayan gidansa.

Wannan asusu ya samo asali ne daga dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014. A ƙarƙashinta, kowane wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa. Ma'aikatan tarayya sun shiga tsarin tun daga farko, na Jihar Kaduna kuwa suka shiga gadan-gadan a Janairun 2017. Abin da ya bambanta shi da tsohon tsari shi ne kuɗin na mai asusun ne, ba alkawarin gwamnati ba ne da zai jira a cika masa. Idan ya bar aiki, asusun ba ya mutuwa. Idan ya bar ƙasar ma, asusun yana nan, ana ci gaba da juya abin da ke ciki, ribar tana hawa kan uwar kuɗi, ko da ba a sake zuba ko sisi ba.

Akwai kuma wata gata da doka ta yi masa wadda asusun banki ba shi da ita. Kuɗin da aka cire daga albashi aka zuba a ciki ba a lissafa su cikin abin da za a ɗora wa haraji. Ribar da suka haifa a cikin asusun ita ma ba a taɓa ta. In lokacin ritaya ya yi aka fara biyan mutum, nan ma babu haraji. Wannan kariya tana tare da kuɗin ne matuƙar suna cikin shingen da doka ta kafa, kuma daga nan ne duk maganar yau ta taso: akwai bambanci mai girma tsakanin mutum ya sauya wa shanunsa makiyayi da ya kora su kasuwa.

Kafin mu je can, ya kamata mai karatu ya san hannu nawa ne ke kan kuɗinsa. Kamfanin da ya yi rajista da shi, wanda ake kira PFA a taƙaice, aikinsa yanke shawarar inda za a zuba jari da riƙe lissafi. Kuɗin kansu ba sa hannunsa. Suna wurin wani kamfani dabam, ma'aji, wanda shi kuma ba shi da ikon juya su yadda ya ga dama. A samansu duka akwai Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom. An raba aikin haka ne da gangan, saboda darasin da aka koya daga tsohon tsari, inda mai rabo da mai ajiya da mai lissafi duk mutum ɗaya ne, tsofaffi kuma suna faɗuwa a layin tantancewa.

Tun a dokar 2004 aka rubuta cewa ma'aikaci yana da 'yancin ɗauke asusunsa daga wani kamfani zuwa wani, sau ɗaya a shekara, ba tare da ya bayar da dalili ba. Sashe na 13 na dokar 2014 ya maimaita wannan 'yanci. Sai dai an shafe shekaru goma sha shida yana kwance a takarda, domin hukumar ta ce ba za ta buɗe ƙofa ba sai ta tsabtace rajistar masu asusu, wadda ke cike da sunaye biyu-biyu da lambobi biyu-biyu. Sai ranar 16 ga Nuwamba, 2020, lokacin da Aisha Dahir-Umar ke jagorantar hukumar, aka buɗe ƙofar sauyin. Ma'ana, duk wanda ya bar ƙasar nan kafin ƙarshen 2020 ya tafi ne a zamanin da ake ɗaurin auren dole tsakanin ma'aikaci da kamfaninsa, kuma da dama daga cikinsu har yau ba su san an kawo saki ba. Wasu ma ba su suka zaɓi kamfanin ba tun farko. Ranar da suka kama aiki aka miƙo musu fom a ofishin ma'aikata, wakilin kamfanin da ya riga zuwa yana tsaye a bakin ƙofa, suka sa hannu.

Yadda ake yin sauyin ba shi da wuya. Ba tsohon kamfanin ake zuwa a roƙa ba, sabon da ake so a koma ake tunkara. A ba shi suna da lambar asusu da lambar waya da adireshin imel, a tantance mai asusun da zanen yatsansa ta hanyar rumbun hukumar katin ɗan ƙasa, sannan a shigar da buƙatar a na'urar PenCom, a ba shi shaidar an karɓa. Ba a biyan ko kwabo. Tsohon kamfanin ba shi da ikon cewa a'a. Kuɗin suna tashi daga ma'aji zuwa ma'aji, ba sa bi ta hannun mai su, don haka babu harajin da ke faɗa musu, lambar asusun ma ba ta canjawa. Amma da zarar an shigar da buƙata ba a janye ta, kuma sai shekara ta zagayo kafin a sake wata.

Akwai wani lissafin lokaci da ya shafi na waje fiye da kowa. Ba kullum ake kwashe kuɗin ba. An raba shekara zango huɗu, wata uku-uku, kuma buƙatar da ta shiga a watanni biyun farko na zango ita ake zartarwa a ƙarshen wannan zangon. Wadda ta shiga a wata na uku, wato Maris ko Yuni ko Satumba ko Disamba, sai ta jira zango na gaba. Wanda ya zo hutun ƙarshen shekara ya shigar da buƙata a Disamba, kada ya tayar da hankalinsa idan Janairu ta wuce bai ga komai ba, domin sai ƙarshen Maris kuɗinsa za su motsa. Tunda kuma an gina tsarin ne a kan tantance mutum da jikinsa, ba abu ne da za a aiki ƙane ya yi da takardar wakilci ba. Zuwa da kai ya fi saƙo. Wanda ya san zai zo gida Sallah ko biki, ya ware yini guda daga cikin kwanakin gaishe-gaishe, ya fita Sabon Gari ko ya gangara Kaduna, inda galibin ofisoshin suke, kuma ya yi haka a makon farko, ba ana gobe zai koma Kano ko Abuja hawa jirgi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin da ya sa na ce a makon farko shi ne wani shinge da ke gaban ƙofar, wanda a nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Duk wanda ya buɗe asusunsa kafin 1 ga Yuli, 2019, dole ne ya fara sabunta bayanansa a tsohon kamfaninsa, a haɗa asusun da lambarsa ta NIN, kafin a saurari buƙatarsa ta sauyi. A ido abu ne mai sauƙi. Amma na'ura ba ta san yadda muke sa suna ba. Mutum ɗaya, a takardar firamare shi ne Muhammadu, a ta jami'a Mohammed, a fasfo Muhammad, a gida kuwa Baba Ƙarami. Wani a makaranta aka liƙa masa sunan unguwarsu ko garinsu a matsayin sunan mahaifi, saboda akwai masu suna irin nasa uku a aji, ya girma da shi, ya kama aiki da shi, sannan da ya je yin katin ɗan ƙasa ya ga ya dace ya koma sunan mahaifinsa na ainihi. Wata ta kama aiki da sunan mahaifinta, ta yi fasfo da na mijinta. A wurin maƙwabta duk mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne da ba su san juna ba.

Maganar ranar haihuwa ta fi wannan ɗaci, kuma gara a faɗe ta a fili. Da yawanmu ba a haife mu a asibiti ba, takardar rantsuwar kotu ce shaidarmu, shi ya sa ranar 1 ga Janairu ta tara 'ya'ya fiye da kowace rana a Arewa. Wasu kuma, mu faɗi gaskiya, sun rage shekara biyu ko uku lokacin neman aiki, sannan suka rubuta ta gaskiya a fasfo, ko akasin haka. A tsarin fansho ranar haihuwa ba ado ba ce. Da ita ake sanin ranar da mutum ya cika shekara 50, wadda ita ce ƙofar fara cin moriyar asusun, da ita ake sanin rukunin jarin da za a sa kuɗinsa, da ita kuma ake lissafin abin da za a riƙa ba shi duk wata. Gyara saɓani tsakanin rajistar fansho da ta katin ɗan ƙasa yana cin makonni, wani lokaci watanni, da takardun kotu da na tsohon wurin aiki. Mai shekara arba'in da ƙarfinsa zai iya wannan zirga-zirga. Dattijo mai shekara sittin da biyar da ya dawo da ciwon gwiwa, ko marayun da aka bari, su ne abin tausayi.

Sai lambar waya. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanonin sadarwa kan karɓe shi su sayar wa wani. Imel ɗin wurin aiki kuma ana rufe shi bayan mutum ya ajiye aiki. Idan waɗannan biyun ne ke kan asusunka, to saƙonnin da ke bayyana abin da ka tara suna sauka ne a wayar wani da ba ka sani ba. Ba zai iya cire kuɗin ba, gaskiya ne, amma ya san sunanka, ya san kamfaninka, ya san adadin, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko mutum ba shi da niyyar sauya kamfani, wannan kaɗai ya isa dalilin leƙa asusun.

To, shin ya kamata a sauya ɗin? Ba kowa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. PenCom ce ke ƙayyade iyakar abin da kamfanonin ke caja, ita ce kuma ke shata musu inda za su zuba jari, kuma mafi yawan kuɗin fanshon ƙasar nan, waɗanda suka haura naira tiriliyan 20 a 2024, suna cikin takardun lamunin gwamnatin tarayya ne. Saboda haka tazarar da ke tsakanin kamfanoni ba ta kai yadda 'yan talla ke zuzuta ta ba. Amma tana nan, kuma tsawon lokaci yana kumbura ta. Mu ɗauki misali kawai: naira miliyan 5 da aka bari shekara 15 ba a ƙara komai ba. Idan tana samun kashi 10 cikin 100 duk shekara, za ta kai kusan miliyan 21. Idan kashi 12 ne, za ta haura miliyan 27. Tazarar maki biyu ta zama fiye da uwar kuɗin da aka fara da ita. Wanda ke aiki a gida yana zuba sabon kuɗi duk wata, wanda ya tafi kuwa ribar nan ita kaɗai ce abincin asusunsa. Don haka shi ya fi kowa bukatar ya dubi sakamakon kamfanoni na shekara uku ko biyar a jere, ba na shekarar da ta fi yi musu kyau ba, wadda ita suke bugawa a allon talla.

Abu na biyu da na waje zai auna shi ne ko kamfanin yana jin kira daga nesa. Shin manhajarsa ta waya tana aiki a wajen Najeriya? Shin ana amsa imel, ko sai an aiko mutum ya zauna a benci? A ganina, ga wanda ke Jidda ko Manchester, kamfanin da ke amsa wasiƙa cikin kwana biyu ya fi wanda ya ɗara shi da rabin maki amma ba a samunsa. Abin da ba dalili ba ne shi ne kyautar laima da kalanda, ko don wakilin kamfanin ɗan ajinku ne a Barewa ko Alhudahuda. Ƙasar Chile, wadda daga gare ta muka kwaikwayi wannan tsari, ta sha wannan a shekarun 1990, lokacin da dubban 'yan talla suka riƙa jan ma'aikata daga kamfani zuwa kamfani da 'yan kyaututtuka, ana cin kamasho, kuɗin tallan kuma daga jikin masu asusun yake fita, har sai da hukuma ta tsaurara ƙa'ida a 1997. Iyakar sau ɗaya a shekara da muke da ita maganin irin wannan ce.

Sau da yawa ma abin da mutum ke nema ba sauya kamfani ba ne, sauya rukuni ne a cikin kamfanin da yake. Tun Yulin 2018 aka kasa kuɗin fansho rukuni-rukuni bisa shekaru da juriyar kasada. Rukuni na biyu shi ne inda ake ajiye duk wanda bai kai 50 ba idan bai ce komai ba. Na ɗaya ya fi zuba jari a hannayen jari, ribarsa kan fi yawa, faɗuwarsa ma haka, kuma sai wanda ya nema a rubuce ake kai shi. Na uku na masu 50 zuwa sama ne, na huɗu na 'yan ritaya. A 2021 aka ƙaro rukuni na shida, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ana zuba shi a sukuk da hannayen jarin da suka dace da Shari'a. Na san akwai mutane da dama a birnin nan da suka kawar da kai daga asusunsu gaba ɗaya saboda ƙyamar kuɗin ruwa, suna ganin abu ne da aka tilasta musu. Ga su nan an buɗe musu hanya shekaru da suka wuce, ba a kai kowa sai ya nema, kuma yana da kyau mai nema ya tambayi kamfanin dalla-dalla a ina da ina aka zuba kuɗin rukunin, da kuma malaman da ke duba shi.

Wani kuma zai nemi kamfaninsa ya tarar babu mai wannan suna. Kada ya firgita. A 2021 hukumar ta ɗaga jarin da ake buƙata daga naira biliyan 1 zuwa biliyan 5, kamfanoni suka yi ta haɗewa. AIICO Pension ya shige cikin FCMB Pensions, Sigma da First Guarantee suka zama Access Pensions, wanda shi ma ya haɗe da ARM a 2024. Asusun yana bin sabon sunan da lambarsa yadda take. Malaman jami'a kuma suna da nasu kamfanin, NUPEMCO, wanda ya sami lasisi a 2019. Kafin a ɗaga ƙafa daga ko'ina, a nemi cikakken bayanin asusu tun daga watan farko, a bi shi wata-wata. Doka ta ce a zuba kuɗin ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, amma ba kowane mai ɗaukar aiki ke cikawa ba, kuma giɓin da ba a gano ba yau, bayan shekara ashirin babu fayil ɗin da za a nemo.

Yanzu ga kora shanu kasuwa. Doka ta yarda wanda ya rabu da aiki kafin shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin 100 na asusunsa. An yi wannan ne domin wanda aka sallama yana zaune a gida da iyali. Na ji ana bai wa masu shirin tafiya shawarar su karɓe wannan kaso su yi kuɗin jirgi da biza. Wanda ya ajiye aiki yana da takardar wani aikin a aljihu, shi ya san amsar da zai bayar idan fom ya tambaye shi ko yana da aiki, kuma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ta fuskar lissafi kuwa, sau ɗaya ake ba da wannan dama, kuma abin da aka cira ya fita daga shingen har abada. Haka nan kuɗin ganin dama da mutum ya ƙara a asusun bisa son ransa, idan ya cire su kafin su shekara biyar, ribarsu tana shan haraji.

Sai dai dole a yi wa masu wannan ra'ayi adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Miliyan 5 ɗin da muka yi misali da ita ta tashi daga kusan dala 10,900 ta koma kusan 3,300 cikin watanni, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, abin da babu rukunin da ribarsa ta kamo. Wanda ke karɓar albashi da fam ko riyal yana duban wannan asusu ya ga kamar ƙanƙara ce a rana. Amsata ita ce, ya danganta da inda mutum ke shirin tsufa. Wanda ya san a Zazzau zai dawo ya zauna, da naira zai sayi masara da magani, ma'auninsa shi ne farashin kasuwar Sabon Gari, ba na canji ba. Kuma ko ya so, doka ba ta ba shi damar kwashe asusun duka ya fitar ba. Abin da ke hannunsa shi ne zaɓen makiyayi da zaɓen makiyaya. Game da sabon kuɗi kuwa, ƙa'idojin hukumar sun daɗe da bai wa ɗan Najeriya da ke aiki a waje damar ci gaba da zubawa bisa son ransa, kamar yadda suka bai wa baƙon da ke aiki a nan damar shiga, kuma a 2025 ta fitar da ƙa'idar zuba fansho da dala. Sabon abu ne, ni dai zan so in ga sakamakon 'yan shekaru kafin in ce wa kowa ya rufe ido ya shiga.

Wannan ya fi shafar mutanenmu na Saudiyya. A can baƙo ba ya cikin tsarin fanshon ƙasa. Abin da yake samu shi ne kuɗin sallama a ƙarshen aiki, albashin rabin wata kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, da na wata guda kan kowace shekara bayan nan. Dunƙule ɗaya ake ba shi, kuma mun sha ganin yadda dunƙulen kan narke tsakanin ginin da ba a gama ba da bukukuwan dangi. Ga irin wannan, ɗan asusun da ya bari a gida shi ne kaɗai abin da zai riƙa ɗigo masa duk wata.

Akwai kuma masu tafiyar dawowa, waɗanda suka yi shekaru a Amurka ko Ingila suka tara fansho a can. Ka'idar ɗaya ce, sai dai hukuncin kuskure ya fi tsanani. A Amurka, asusun 401(k) na wurin aiki da asusun IRA na ƙashin kai ana iya ɗauke su daga kamfani zuwa kamfani kai tsaye babu haraji. Amma idan mutum ya ce a ba shi kuɗin a hannu zai kai da kansa, kwana 60 kacal yake da su, in suka wuce an ɗauka ya cire ne, sai haraji, da tarar kashi 10 cikin 100 idan bai kai shekara 59 da rabi ba. Wanda ba ɗan ƙasar ba kuma ya bar zama a can, ana riƙe kashi 30 cikin 100 na abin da ya cira tun daga tushe, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta sassauta masa. Babbar matsalar ita ce kamfanoni da yawa a can ba sa buɗe sabon asusu ga mai adireshin waje, wasu ma sukan taƙaita wanda ke akwai. Saboda haka duk wani haɗe asusu ko sauya kamfani, a gama shi tun ana can da adireshi na gaskiya. Aron adireshin aboki bayan an dawo ƙarya ce a takardar kuɗi, ranar da aka gano kuma asusun ake rufewa.

A Ingila, asusun ISA mutum zai iya riƙe shi bayan ya bar ƙasar, ya ma sauya masa kamfani, amma ba zai ƙara zuba kuɗi ba. Fansho kuwa ba a taɓa shi kafin shekara 55, wadda za ta koma 57 a Afrilun 2028. Fitar da shi zuwa wata ƙasa sai ta tsarin da hukumar harajinsu ta amince da shi, in ba haka ba harajin kan kai kashi 55 cikin 100. Duk wanda ya zo maka da alkawarin zai kwaso maka fanshonka na Ingila ya zuba a fili ko gidan mai a Kaduna kafin lokaci, ka riƙe aljihunka. Fanshon gwamnatinsu ma, wanda ke bukatar aƙalla shekara 10 na biyan gudummawa, ana biyan sa a Najeriya, amma ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna can. A kuma tuna cewa yafewar harajin da dokar Najeriya ta yi wa asusunka ba ta ɗaure wata ƙasa ba. Mazaunin Amurka, misali, wajibi ne ya bayyana asusunsa na waje idan jimillarsu ta haura dala 10,000, don haka a tambayi masanin harajin ƙasar da ake zaune kafin a motsa wani abu mai nauyi.

Saura magana ɗaya, wadda ba a son yi amma ba ta da makawa. Sunan da ka rubuta a fom a matsayin makusanci ba shi ne magajinka ba. Aikinsa a neme shi idan wani abu ya faru. Dokar 2014 ta ce ba a sakin kuɗin mamaci sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado, sannan a raba yadda ya dace, wanda a wurinmu rabon Shari'a ne. Wannan ya yi daidai. Amma magada ba za su nemi abin da ba su san da shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka kama aiki suna samari sunan mahaifi suka rubuta, mahaifin kuma ya riga mu gidan gaskiya tuntuni, matar da 'ya'yan ba su taɓa jin sunan kamfanin ba. A sabunta sunan, a rubuta lambar asusun da sunan kamfanin a takarda, a ajiye ta tare da takardun gida inda uwargida da babban wa suka sani.

Ita kuma PenCom, tunda hukumar katin ɗan ƙasa tana da cibiyoyin rajista a ƙasashen waje, ya dace ta shimfiɗa wa 'yan ƙasa mazauna can hanya bayyananna ta sabunta bayanai da sauya kamfani daga inda suke, ta kuma yayata ta da Hausa a rediyo, domin iyayen da ke cikin birni su ne za su ji su kira 'ya'yansu a waya.